Filin Jirgin Doncaster Sheffield: Kamfanonin da Suka Zo, da Waɗanda Suka Ɗauke

Da daren 4 ga Nuwamba 2022 wani jirgin kamfanin TUI da ya taso daga Hurghada ta ƙasar Masar ya dira a filin jirgin saman Doncaster Sheffield, a kudancin Yorkshire da ke arewacin Ingila. Masu dawowa daga hutu ne a cikinsa. Suka sauko, suka kwashi jakunkunansu, kowa ya nufi motarsa, daga su kuma aka rufe ƙofa. Shekarar filin 17 da 'yan watanni yana aiki.

Wanda bai san wurin ba zai ɗauka kango ne da mutane suka ƙaurace wa tun da daɗewa. A 2019 mutum miliyan 1.4 ne suka bi ta cikinsa, adadin da bai taɓa kaiwa ba tun buɗewarsa. Mujallar Which?, mai tattara ra'ayin masu saye a Birtaniya, ta sha bayyana shi a matsayin filin da fasinjoji suka fi yabawa a ƙasar, saboda ba dogon layi, kuma daga inda ka ajiye mota zuwa ƙofar shiga jirgi 'yar tafiya ce. Ko a shekarar da aka rufe shi, sai da ya ɗauki sama da mutum 900,000 cikin wata goma. To amma ruwa ba ya tsami banza. Mai son gane abin da ya kashe filin nan sai ya ajiye ƙirgen fasinja tukuna, ya duba wane kamfani ne ya bar jirginsa yana kwana a wurin, yaushe ya zo, yaushe kuma ya ɗauke.

Gadon soja

Asalin wurin sansanin sojan sama ne mai suna Finningley. A zamanin yaƙin cacar baka yana cikin sansanonin da ake ajiye jiragen Vulcan, masu ɗaukar makaman nukiliyar Birtaniya, shi ya sa yake da titin sauka da tashi mai tsawon kusan mita 2,900. Daga baya ya koma wurin horas da ma'aikatan jiragen soja, har aka rufe shi a 1996. Kamfanin Peel, wanda sana'arsa filaye ce da gine-gine da tashoshin jiragen ruwa, ya saye shi a 1999, gwamnati ta ba da izini a 2003, jirgin fasinja na farko kuma ya tashi ranar 28 ga Afrilu 2005 zuwa Palma da ke tsibirin Mayorka na Sifaniya. Da farko sunansa Robin Hood, sunan ɗan fashin nan na tatsuniyar Ingila da aka fi dangantawa da Nottingham. Dubban mutanen yankin sun sa hannu a takardar ƙin sunan, kuma baƙon da ya ga Robin Hood a allon jirage ba zai san ina filin yake ba. Sai a 2016 aka sauke sunan daga gaba.

Titin jirgin ba shi da abin kushewa. A 2015 jirgin Antonov An-225, wanda ya fi kowane jirgin kaya girma a duniya a lokacin, ya sauka a kansa. Matsalar tana kan taswira. Ta yamma ga Manchester, mai fasinja kusan miliyan 29 a 2019, wanda jirgin ƙasa ke shiga har cikinsa. Ta arewa ga Leeds Bradford, gidan kamfanin Jet2, mai kusan miliyan 4, duk da titinsa gajere ne kuma yana kan tudu inda hazo da iska ke yawan hana sauka. Ta kudu ga East Midlands, inda Ryanair da Jet2 suka kafu. Ta gabas ma ga ɗan ƙaramin Humberside, da jirgin KLM ke haɗa shi da Amsterdam. Doncaster ya shigo kasuwar da an riga an raba rumfuna.

Jirgin da ke kwana

Kafin a bi jerin kamfanonin, akwai abu guda da sai an fahimce shi labarin zai yi ma'ana. Jirage iri biyu ne ke amfani da fili. Akwai mai zuwa daga wani gari, ya sauke mutane, ya ɗebi wasu, cikin rabin awa ko fiye kaɗan ya juya. Akwai kuma wanda filin ne gidansa: nan yake kwana, nan matuƙansa da ma'aikatan cikinsa suke zaune, nan injiniya ke duba shi da dare. Irin wannan shi ne ake tashi da shi wajen ƙarfe shida na safe, ya je Malaga ya dawo da tsakar rana, ya sake fita, ya dawo ya kwana.

A yi lissafi da jirgin Airbus A320 mai kujeru 180. In yana zuwa ya dawo sau uku a rana, tashi da sauka shida ke nan, kujeru 1,080. A shekara sun kusa 400,000. Ko da kujera ɗaya cikin kowace goma ta tafi ba kowa, jirgi ɗaya tak ya kawo wa fili fasinja sama da 350,000. A Manchester ɗauke jirgi ɗaya ba ya ko motsa allura. A filin da gaba ɗaya fasinjansa bai kai miliyan ɗaya da rabi ba, jirgi ɗaya kusan rubu'in kasuwar ne.

Kuɗin da fili ke kashewa kuwa ba ya bin yawan jirage. Ko jirgi biyar ne za su sauka a rana ko hamsin, dole a sami masu kula da zirga-zirga a hasumiya, dole motocin kwana-kwana da ma'aikatansu su kasance a shirye daidai girman jirgin da za a karɓa, dole na'urorin bincike da jami'an tsaro, dole fitilun titi da na'urar saukar da jirgi cikin hazo. Abin da ke shigowa shi ne yake hawa da sauka. Kamfanonin araha kuma ba sa biyan kuɗin sauka mai tsoka, sau da yawa ma filin ne ke yi musu rangwame ko ya taya su kuɗin talla don su zo. Saboda haka ƙaramin fili yana rayuwa ne da abin da fasinja ya kashe kafin ya hau jirgi: kuɗin ajiye mota na sati ɗaya ko biyu, abin da ya ci ya sha, turaren da ya saya a kanti. Wane irin fasinja ne, ashe, yana da muhimmanci kamar yawansa. Za a ga inda wannan ya shafi Doncaster.

Zagayen farko

Thomsonfly ne ya buɗe filin, kuma a ƙarƙashin sunaye daban-daban, Thomson Airways sannan TUI, shi ne bai taɓa tafiya ba har daren ƙarshe. A shekarun farko yana gwada zama kamfanin araha, don haka ban da wuraren shan rana irin su Alicante da Malaga da Faro, yana zuwa birane kamar Paris da Prague. Ryanair ya kawo Dublin da Pisa da Girona. A 2007 Flyglobespan ya gwada hanyar Kanada, zuwa Hamilton kusa da Toronto. Shekarar ce filin ya fara haura miliyan ɗaya.

Sai tattalin arzikin duniya ya karye a 2008. Thomsonfly ya haɗe da First Choice, sabon kamfanin ya watsar da hanyoyin birane ya koma abin da ya fi sani, wato sayar da hutu a dunƙule, jirgi da otal a tikiti ɗaya. Ryanair ya ɗauke Dublin a 2009. Flyglobespan ya durƙushe a ƙarshen shekarar. A Afrilu 2010 easyJet ya zo da hanyoyi biyar, Amsterdam da Barcelona da Faro da Palma da Prague, aka yi ta murna cewa babban kamfani ya iso. A farkon Janairu 2011 ya tattara. Ko wata tara cikakku bai yi ba. Kamfanin Kanada da ya sayi kashi 65 cikin ɗari na filayen jiragen Peel a 2010 shi ma bai daɗe da Doncaster ba, a 2012 Peel ya sake karɓar abinsa. A 2012 da 2013 fasinja bai kai 700,000 a shekara ba.

Wanda ya riƙe filin a waɗannan shekaru na fari, ban da TUI, kamfani ne da ba a zata ba.

Hanyar gabas

A watan Mayu 2004 Poland da wasu ƙasashen gabashin Turai suka shiga Tarayyar Turai, Birtaniya kuma tana cikin 'yan ƙasashen da suka buɗe musu ƙofar aiki nan take. Yankin Doncaster ya taɓa rayuwa da haƙar kwal da ƙera jiragen ƙasa. Bayan waɗannan sun mutu, manyan rumbunan ajiya da rarraba kaya ne suka maye gurbinsu a bakin manyan tituna, ga kuma gonaki da masana'antun sarrafa abinci a Lincolnshire ta gabas. Duk suna neman hannu. Wizz Air, kamfanin Hungary, ya biyo sawun mutanen. Ya fara da Katowice a 2006, ya ƙara Gdansk da Poznan da Warsaw da Wroclaw, sai Vilnius. Da aka ɗage takunkumin aiki ga 'yan Romaniya da Bulgeriya a Janairu 2014, Bucharest ta shigo, daga baya Cluj da Sofia.

Waɗannan hanyoyi sun fi na hutu ɗorewa, domin mai zuwa ganin mahaifiyarsa ba ya jiran bazara. Kirsimeti, Ista, bikin aure, jana'iza, duk shekara akwai tafiya. Amma a dubi yadda maraicen yake. Jirgin daga Poland yake tasowa, can ne gidansa, galibi da yamma ko da dare yake sauka Doncaster. Fasinjansa ma'aikacin rumbun kaya ne da ya tashi daga aiki, abokin zamansa ya sauke shi a bakin ƙofa ya juya, ko ya zo a bas. 'Yar jaka ce a bayansa don kada ya biya kuɗin kaya. Ya ci abinci a gida. Ya sayi tikitinsa tun watanni da suka wuce a kan 'yan fam kaɗan. A takardar ƙididdiga shi da mai iyali huɗu da ya ajiye mota sati biyu ya tafi Tenerife duk sunansu fasinja, a aljihun filin kuwa ba ɗaya suke ba. Ba laifinsa ba ne, ya yi abin da kowa zai yi. Sai dai adadin yana ƙaruwa, ribar ba ta biyo shi ba.

Shekarun Flybe

2016 ce shekarar da kowa ya ɗauka an haye. A ƙarshen Fabrairu aka buɗe sabon titin mota, Great Yorkshire Way, wanda ya haɗa babban titin M18 da hanyar zuwa filin. Tsawon shekara goma sha ɗaya kafin wannan, mai zuwa daga Sheffield sai ya ratsa ƙananan hanyoyi, abin da ya sa da yawa suka gwammace su haye tsaunuka zuwa Manchester. A Maris kuma Flybe, kamfanin Birtaniya mai gajerun hanyoyi, ya ajiye jirage biyu ƙirar Embraer 195 masu kujeru 118, ya buɗe Paris da Amsterdam da Berlin da Jersey da Newquay da Alicante da Malaga da Faro, daga baya Dublin da Dusseldorf. Fasinja ya tashi daga 857,000 a 2015 zuwa miliyan 1.25 a 2016.

A ganina nan ne filin ya fi kusa da zama abin da aka gina shi dominsa. Paris da Amsterdam manyan mahaɗu ne, daga nan ana iya zarcewa ko'ina a duniya. Hanya irin wannan ce ke kawo ɗan kasuwa mai tafiya ranar Talata a watan Fabrairu, lokacin da babu mai zuwa hutu, wanda kamfaninsa ke biya masa tikiti da kuɗin ajiye mota ba tare da ciniki ba. Yankin yana da irin waɗannan mutane: jami'o'i biyu a Sheffield, ga cibiyar binciken ƙere-ƙere da ta jawo Boeing da Rolls-Royce da McLaren. Amma ɗan kasuwa yana son jirgin safe da na yamma kowace rana, don ya je ya dawo rana ɗaya, kuma in an soke ɗaya ya hau wani. Jirage biyu da aka raba wa hanyoyi goma ba za su ba shi wannan ba. Manchester na ba shi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba a lokacin murnar. Jiragen nan rara ce a hannun Flybe. Ya ɗauko su haya da tsada, sun yi wa hanyoyinsa girma, yana neman inda zai sa su kafin wa'adin hayar ya cika, shi ya sa ya ƙulla yarjejeniya da filaye irin su Cardiff da Exeter da Norwich da Doncaster. Kayan aro ne, kuma an san ba ya rufe katara. Kamfanin kansa yana fama: yawancin hanyoyinsa na cikin gida ne, inda fasinja ke biyan harajin tafiya na fam 13 a zuwa, ya sake biya a dawowa, ga faɗuwar darajar fam bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a 2016, alhali man jirgi da kuɗin haya da dala ake biya. A Afrilu 2019 ya sanar zai mayar da jiragen ya rufe zangonsa na Doncaster, wato ya daina barin jirage suna kwana a can. A Oktoba ya tafi. Ranar 5 ga Maris 2020 kamfanin ya rushe gaba ɗaya.

Saboda haka adadin nan na miliyan 1.4 na 2019 yana ɓoye wani abu. Shekarar ce TUI ya ƙara ƙarfi, har ya dawo da doguwar tafiya zuwa Florida da jirgin Boeing 787, Wizz Air ma yana ta ƙara birane. Amma kafin shekarar ta ƙare filin ya rasa Paris da Amsterdam da Dublin, bai kuma sake samun su ba. Ya shiga 2020 da ƙafa biyu, masu hutu da masu zuwa gida. A 2018 shugabanninsa sun fitar da tsarin da ke hangen fasinja miliyan 4.7 a 2037, da reshen layin dogo daga babban layin gabas da ke wucewa kusa. Layin dogon bai wuce takarda ba.

Alkawarin Wizz Air

Korona ta mayar da filin ƙasa da fasinja 400,000 a 2020, 2021 ma haka. Ana tsakiyar wannan, a Agusta 2020, Wizz Air ya ce zai mayar da Doncaster zangonsa, jirage su riƙa kwana. Ya fara da alkawarin ɗaya, bai jima ba ya ce biyu. Wannan karon ba gabashin Turai kaɗai ba, har da Alicante da Malaga da Faro da Larnaca da tsibiran Kanari. Dabarar kamfanin a lokacin ita ce ya faɗaɗa yayin da sauran ke ja da baya, ya kama filayen da ke neman kowa ido rufe. Ga Doncaster kuwa wannan shi ne abin da aka yi shekara goma sha biyar ana nema: babban kamfanin araha da jiragensa a ƙofar gida, wanda zai cike gurbin Flybe har ya wuce.

Dokokin kulle sun cinye 2020 da mafi yawan 2021. Bazarar 2022 ce ta farko da za a gwada abin sosai. A farkon Yuni, ana dab da shiga kakar hutu, Wizz Air ya sanar cewa daga 10 ga wata ya soke yawancin tashinsa daga Doncaster, ya ɗauke jiragen da ke kwana. Mutanen da suka sayi tikitin hutun makaranta tun hunturu suka wayi gari da saƙon sokewa. Kamfanin ya ce filin ne ya nuna ba zai iya tabbatar da sharuɗɗan yarjejeniyarsu ba. Peel ya ce kamfanin ne ya janye bisa raɗin kansa.

Abin da ke fili shi ne halin da ake ciki a wannan bazara. Filaye da kamfanoni a faɗin Turai ba su da isassun ma'aikata, ana ta soke jirage. Yaƙin Yukren ya cilla farashin mai sama, Wizz Air kuma bai kulle farashi tun da wuri ba kamar yadda Ryanair ya yi, don haka ya ji jiki fiye da abokan hamayyarsa. Kamfanin da ke da ƙarancin matuƙa zai tura su inda kujera ta fi tsada, filayen Landan irin su Gatwick ko Luton. Cardiff ma ya ga irin haka: Wizz Air ya buɗe zango a can a Afrilu 2022, ya dakatar da shi da hunturu, ya rufe a Janairu 2023. Baƙo raɓa ne. Jirgin da ya kwana Doncaster yau, gobe yana iya kwana wani gari, ba abin da zai hana shi. Titin mita 2,900 ba ya zuwa ko'ina.

Wata huɗu

Daga nan komai ya gudu. Ranar 13 ga Yuli Peel ya ce zai sake duba makomar filin, yana mai cewa bai taɓa samun yawan fasinjan da zai sa ya ci riba ba, kuma yanzu TUI kaɗai ya rage mai jirage masu kwana. Jama'a suka yi zanga-zanga, aka tara sa hannu sama da 100,000. Liz Truss, a zamanta na farko na amsa tambayoyi a majalisa a matsayin firaminista, ta ce gwamnati za ta kare filin. Ita kanta ba ta kai ƙarshen Oktoba a kan kujera ba. Magajin yankin kudancin Yorkshire, Oliver Coppard, da magajiyar garin Doncaster, Ros Jones, sun yi tayin kuɗin jama'a, fam miliyan 7, don a riƙe filin kusan shekara guda a nemi mai saye. Peel ya ƙi, ya ce ba zai karɓi kuɗin jama'a a zuba a abin da ba shi da makoma ba. Ranar 26 ga Satumba ya sanar da rufewa. Mutum kusan 800 ne ke aiki a filin kai tsaye. Wizz Air ya kwashe ragowar hanyoyinsa na gabashin Turai zuwa Leeds Bradford a ƙarshen Oktoba, TUI ya rarraba nasa a sauran filayensa. Ba fasinja kaɗai abin ya shafa ba: kamfanin 2Excel, mai jiragen sintirin gaɓar teku da na yaƙi da malalar mai, da jiragen 'yan sanda, duk sai da suka nemi wani wuri.

Mutanen yankin da yawa ba su yarda da bayanin Peel ba, kuma suna da dalili. Peel ɗan kasuwar fili ne, ɗaruruwan kadada a gefen babban titi kuwa sun fi tsada in an gina rumbuna da gidaje a kansu. Sun kuma ga abin da ya faru da ƙaramin filin jirgin birnin Sheffield, wanda aka buɗe a 1997, Peel ya shiga cikinsa, aka rufe a 2008, wurin ya koma unguwar ofisoshi da masana'antu. Filin Durham Tees Valley ma a hannun Peel ya yi ta ramewa, har hukumar yankin ta saye shi a 2019 a kan fam miliyan 40. Ƙin karɓar tallafin na shekara guda ya ƙara ƙarfafa zargin, ni ma ban ga hujjar gaggawar ba.

Amma zargin bai goge jerin da aka bi a sama ba. Ryanair ya gwada ya rage ya tafi. easyJet ya gwada ya tafi. Jet2, kamfanin da ya fi kowa fahimtar mai hutu a arewacin Ingila, bai taɓa ajiye jirgi a Doncaster ba, kuma ba sai an tambaye shi dalili ba: mutumin Rotherham ko Barnsley, garuruwan da ke maƙwabtaka da Doncaster, ya riga yana hawa jirginsa daga Leeds Bradford ko East Midlands ko Manchester. In ya buɗe a Doncaster, fasinjansa zai raba gida huɗu, ya ƙara wa kansa kuɗin zango. Waɗanda suka yarda suka zo da gaske su ne masu larura: Flybe mai neman inda zai ajiye rarar jirage, Wizz Air mai neman gurbi lokacin annoba. Da larurar ta kau, ko kamfanin ya mutu, sai filin ya koma inda yake.

Bayan rufewa

Majalisar birnin Doncaster ba ta haƙura ba. Ta je kotu ba ta yi nasara ba, ta yi barazanar ƙwace filin ta hanyar dokar sayen dole, daga ƙarshe a Maris 2024 ta karɓi hayarsa daga Peel na shekara 125. Ta kafa kamfaninta mai suna FlyDoncaster don gudanar da shi, a farkon 2025 kuma aka sanar cewa reshen kamfanin filin jirgin Munich na Jamus zai taimaka da gwaninta. A Disamba 2024 wani jirgin 2Excel ya sauka a titin, na farko tun rufewa. A Satumba 2025 hukumar yankin kudancin Yorkshire ta amince da kusan fam miliyan 160. Ma'ana asarar da Peel ya ce ya gaji da ɗauka, yanzu jama'a ne za su ɗauke ta har filin ya tsaya da ƙafarsa.

Sake buɗe fili ya fi rufe shi wuya nesa ba kusa ba. Lasisi ya tafi. Sararin samaniyar da aka keɓe masa an sauke matsayinsa, sai an bi matakan hukumar sufurin sama kafin a dawo da shi. Masu kula da hasumiya da 'yan kwana-kwana sun kama aiki a wasu wurare, horas da sababbi kuma ba aikin wata ɗaya ba ne. Shi ya sa lokacin amincewa da kuɗin Coppard ya fito fili ya ce ba a sa ran cikakkiyar jigilar fasinja kafin 2028, duk da an fara da maganar 2026. Tsohon jirgin Vulcan mai lamba XH558, wanda ya yi tashinsa na ƙarshe a Oktoba 2015, yana nan ajiye a gefen titin duk tsawon wannan lokaci.

A ranar da aka amince da kuɗin ba a ambaci sunan kamfanin da zai ajiye jirgi ba. Masu sayar da hutu irin su TUI da Jet2 sukan fara sayar da bazara fiye da shekara guda kafin ta zo, don haka duk jirgin da zai kwana Doncaster a bazarar 2028 sai an sa hannu a kansa kafin 2027 ta yi nisa. Hanyoyin Poland da Romaniya da Wizz Air ya gina daga nan cikin shekara 16 kuwa, daga Leeds Bradford aka ci gaba da tashinsu tun washegarin da suka bar Doncaster.